Yadda Ake Haɗa Na'urar Sauraren Karatu da Waƙa ta Gida da Ƙaramar Kwamfutar Raspberry Pi

A gidaje da yawa na cikin birnin Katsina akwai tsohuwar rediyo mai kaset ko manyan sifikun da aka saya lokacin wani biki, suna nan a kan kabad an lulluɓe su da ƙyalle, ba don sun lalace ba, sai don kaset da faifan CD sun daina zuwa kasuwa, komai ya koma cikin wayar hannu. Tamu ta kwashe shekaru a haka a ɗakin mahaifinmu a Ƙofar Ƙaura, kuma duk wanda ya taɓa jin muryarta ya san cewa ƙananan sifikun Bluetooth da ake yayi yanzu ba su kama ƙafarta ba. Abin da za a haɗa a nan shi ne ɗan akwatin da bai fi tafin hannu ba, wanda zai zauna kusa da irin wannan rediyo, yana ɗauke da dukkan karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin gidan, kowa kuma ya zaɓi abin da yake so daga wayarsa. Bambancinsa da haɗa waya da sifika kai tsaye shi ne cewa sautin ba daga wayar yake fitowa ba, wayar umarni kawai take bayarwa, saboda haka kira ba ya katse karatu, cajin wayar ba ya zuba, kuma idan mai wayar ya fita masallaci sautin ba ya bin sa.

Zuciyar aikin ita ce Raspberry Pi, kwamfutar da aka tattara dukkan kayanta a kan faranti guda, irin abin da masu gyaran waya suke kira fanel. Wata gidauniya da ke Cambridge a Ingila ce ta fara fitar da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, da niyyar koya wa yara aikin kwamfuta, daga baya masu sha'awar sauti suka gane cewa ta dace da wannan aiki. Samfurin da nake ba da shawara shi ne Pi 3, ko dai Model B na 2016 ko B+ na 2018, domin yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, yana da ramukan USB guda huɗu, ba ya cin wuta sosai, kuma ana samun na hannu da sauƙi. Pi 4 na 2019 ya fi shi ƙarfi, amma kunna sauti ba aikin ƙarfi ba ne, kuma ya fi ɗaukar zafi, abin da ba ƙaramar magana ba ce a garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40. Wanda kuɗinsa ya yi kaɗan zai iya sayen Zero 2 W, wanda ya fito a 2021 a kan dala 15, sai dai ya sani cewa ramin USB ɗaya ne tak gare shi na haɗa kaya, kuma sau da yawa sai an kai shi wurin mai gyara ya liƙa masa haƙora, wato ƙananan ƙarafan da ake jona kaya da su, da dalma. Pi 5 kuwa ɓarnar kuɗi ne a wannan aiki. Farashin naira yana bin canjin dala, don haka a tambaya a wurare biyu ko uku kafin a biya. Idan ba a samu a Katsina ba, ana iya aikawa Kano ko a yi oda daga Legas.

Yawancin waɗanda suka fara wannan haɗi a Turai da Amurka sun gina shi ne a kan abubuwa biyu da suke da su a wadace, wato wutar da ba a ɗaukewa da intanet marar iyaka. Mu a nan akasin haka muke, saboda haka tsarin da ya dace da mu shi ne wanda kayan saurarensa suke ajiye a cikin gida, intanet ta zama ƙari, kuma kuɗin da ya fi yawa ya tafi wajen wutar da za ta riƙe na'urar. Lissafin ba shi da wuya. Sautin MP3 mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa ɗaya, mai ingancin 320 kuma yana cin megabait 144. Gidan da ke saurare awa 3 kullum daga intanet zai ƙone sama da gigabait 5 a wata a ƙaramin ingancin, kusan 13 a babban. Amma filash mai gigabait 64 zai ɗauki sama da awa 1,000 na sauti a ingancin 128, kuma sau ɗaya ake biyan kuɗinsa.

Bayan farantin kwamfutar, ana buƙatar memori na microSD mai gigabait 16 ko 32 wanda manhaja za ta zauna a ciki, da filash na ajiye sauti, da caja mai kyau, da na'urar da ke juya lambobin kwamfuta su zama sautin da sifika za ta iya fitarwa, wadda ake kira DAC. A wajen memori ne na fara cin kashina. Na sayi wani a kasuwa da araha, an rubuta masa 32 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 32, amma da na zuba masa manhaja sai na'urar ta tashi sau biyu ta ƙi na uku. Ashe jabu ne, ainihin cikinsa bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Tun daga lokacin ba na amfani da memori ko filash sai na gwada shi da wata ƙaramar manhajar Windows ta kyauta mai suna H2testw, wadda take cika shi da bayanai har baki sannan ta karanta ta ga ko sun dawo daidai. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma ya fi a yi shi ranar da aka saya, lokacin da mai shago bai manta fuskar mutum ba.

Maganar DAC tana buƙatar a tsaya a kanta. Pi 3 da Pi 4 suna da ramin iyafis a jikinsu, kuma ana iya fara gwaji da shi, amma sautin da yake fitarwa ba shi da tsabta, yana da ɗan huci a ƙarƙashi wanda ake ji sosai idan mai karatu ya yi shiru tsakanin aya da aya. Zero 2 W da Pi 5 ba su da wannan rami ma gaba ɗaya. Hanyoyin gyara uku ne. Ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce a sayi farantin DAC da aka yi domin Raspberry Pi, irin HiFiBerry DAC+ ko Raspberry Pi DAC+, wanda ake ɗorawa a kan haƙora 40 da ke gefen kwamfutar a danna shi ya zauna, ba dalma ba komai, kuma yana da ramuka biyu, ja da fari, irin na bayan tsohuwar bidiyo. Ta biyu ita ce ƙaramin DAC na USB, har da irin ɗan kebul ɗin da ake haɗa iyafis da wayoyin da ba su da rami, muddin mai ƙwaƙwalwa a ciki ne, domin akwai waɗanda waya ce zalla a cikinsu kuma ba za su yi aiki ba. Ta uku ita ce mafi araha, kuma ita na bi: ɗan faranti mai ɗauke da ƙwayar lantarki mai suna PCM5102A ta kamfanin Texas Instruments, wanda ake haɗawa da siraran wayoyin lantarki biyar.

Ga wanda ya zaɓi ta ukun, haɗin yana tafiya kamar haka, kuma a yi shi na'urar tana kashe, an zare caja. Ƙafar da aka rubuta wa VIN tana zuwa haƙori na 2, mai bolt 5. GND tana zuwa na 6. BCK tana zuwa na 12. LCK tana zuwa na 35. DIN kuma tana zuwa na 40. Ƙafar SCK ana haɗa ta da GND a kan ɗan farantin kansa. Ana ƙirga haƙoran ne bibbiyu daga gefen da memori yake, 1 da 3 da 5 da sauransu a layin ciki, 2 da 4 da 6 da sauransu a layin waje, kuma kuskuren ƙirga shi ne abin da ya fi ƙona wa mutane kaya, don haka a ƙirga sau biyu. A bayan irin farantin nan mai launin shunayya akwai wurare huɗu da ake haɗewa da ɗigon dalma: na uku a haɗa shi da ɓangaren H, sauran ukun da ɓangaren L. Idan aka bar na ukun a buɗe, komai zai nuna yana aiki amma ba za a ji ko tari ba. Duk mai gyaran waya ko rediyo zai yi wannan cikin 'yan mintoci. Wayoyin kuma kada su yi tsawo, santimita 10 ya isa.

Sai manhaja. Akwai guda uku da aka fi sani, Volumio da moOde da piCorePlayer, dukkansu an gina su ne a kan Linux. Volumio, wadda wani kamfanin Italiya yake yi, ta fi sauƙin farawa, amma wasu abubuwanta, ciki har da karɓar sauti ta Bluetooth, sai an biya kuɗin rajista. piCorePlayer tana da wata fa'ida da ta dace da mu, domin tana kwashe kanta zuwa ƙwaƙwalwar wucin gadi idan ta tashi, ba ta yawan rubutu a memori, saboda haka ɗauke wuta ba ya yi mata illa sosai, sai dai saita ta yana da sarƙaƙiya ga sabon shiga. Ni moOde na zaɓa saboda kyauta ce gaba ɗaya kuma tana karɓar Bluetooth, wanda shi ne hanyar da yaran gida za su turo abin da suke ji a Audiomack ko Boomplay ko YouTube. Sababbin fitowarta suna aiki a Pi 3 da 4 da 5 da Zero 2 W, amma ba sa aiki a tsofaffin samfura na farko.

Ana buƙatar kwamfutar cinya sau ɗaya kawai, ko ta aro ce. A sauke manhajar Raspberry Pi Imager, wadda kyauta ce, a saka memori a cikin kwamfutar, a zaɓi samfurin Pi ɗin da ake da shi, sannan a nemo moOde a rukunin manhajojin sauti da bidiyo. Saukewar tana cin data mai ɗan yawa, don haka a bari sai dare idan layin mutum yana da garaɓasar dare. Kafin ta fara rubutawa za ta ba da damar cike wasu bayanai, kuma a nan ne ba a so a yi gaggawa: a sa sunan na'ura moode, a sa sunan mai amfani da kalmar sirri domin moOde ba ta aiki daidai idan babu su, a rubuta sunan Wi-Fi na gida da kalmar sirrinsa harafi da harafi yadda suke, a zaɓi Najeriya a wurin ƙasa da Legas a wurin agogo. Wanda ba shi da MiFi ko rawuta a gida zai iya sa sunan hotsifot na wata tsohuwar waya da za a bari a gida. A lura cewa Pi 3 Model B da Zero 2 W ba sa ganin Wi-Fi mai gigahaz 5, sai mai 2.4. Idan ta gama rubutawa ta tantance, a zare memori a saka shi a ƙarƙashin Pi, a haɗa caja, a ba ta mintoci kaɗan, domin tashin farko yana da nawa kuma takan sake tashi da kanta.

Daga nan komai a waya ake yin sa. A haɗa wayar da Wi-Fi ɗin da aka ba na'urar, a buɗe Chrome, a rubuta moode.local a wurin adireshi. Tsofaffin wayoyin Android da yawa ba sa gane irin wannan suna. Idan haka ta faru, a duba jerin na'urorin da suka hau rawuta ko hotsifot, a kwafi lambar adireshin Pi, wadda takan fara da 192.168, a rubuta ta a madadinsa. Shafin da zai buɗe yana da harafin m a kusurwar sama ta dama, a nan dukkan saituna suke. A shiga Configure, sannan Audio, a zaɓi sunan DAC ɗin da aka ɗora daga jerin na'urorin I2S, wato waɗanda ake haɗawa ta haƙoran Pi, a sake tayar da na'urar. Ɗan farantin PCM5102A yana amsa saitin HiFiBerry DAC, kuma tun da ba shi da abin rage murya a jikinsa, a zaɓi rage murya ta manhaja. Kafin a kunna komai a karon farko a mayar da muryar rediyo ƙasa can, domin DAC yana fitar da sauti da ƙarfi fiye da waya. Kebul ɗin ja da fari yana shiga ramin da aka rubuta wa AUX ko LINE IN ko CD a bayan rediyon. Kada a kuskura a sa shi a ramin makirufo ko na PHONO, sautin zai fashe.

Wurin da aikin gaske yake shi ne shirya filash, kuma shi ne wurin da mutane suka fi yin kasala. Fayilolin da ake karɓowa a shagon masu tura waƙoƙi ko a WhatsApp yawanci sunayensu a hargitse suke, wani lamba ce zalla, wani sunan shafin da aka sauke shi ne ya maye gurbin sunan mai karatu. moOde tana jera kaya ne bisa bayanan da ke ɓoye a cikin kowane fayil, wato sunan mai murya da sunan kundi da lambar jeri, saboda haka idan aka zuba su yadda suke za a tarar da ɗaruruwan abubuwa a ƙarƙashin sunan da ba a sani ba. Manhajar Mp3tag tana gyara fayiloli da yawa a lokaci guda. Ga karatun Alƙur'ani, a fara sunan kowace sura da lamba mai gurbi uku, daga 001 zuwa 114, in ba haka ba sura ta 10 za ta riga ta 2 a jeri. Tafsirin azumi ma haka, a yi wa kowane malami jakarsa, kowace shekara jakarta, kowace rana lambarta. Ni na raba filash ɗinmu gida uku tun daga tushe, karatu da wa'azi da waƙoƙi, domin kada wani yaro ya danna zaɓin gauraya kalangu ya faɗo a tsakiyar sura. Wanda yake da tsofaffin kasusuwan da ba a samun irinsu yanzu zai iya juye su zuwa kwamfuta da manhajar Audacity, amma wannan aiki ne na daban mai cin lokaci daidai tsawon kaset ɗin. Idan an gama, a soka filash a jikin Pi, a danna Update library, a jira ta ƙirga.

A shafin Renderers ake kunna Bluetooth, da AirPlay ga masu iPhone, da Spotify Connect, wanda ba ya aiki sai da asusun da ake biya. A Pi 3 Wi-Fi da Bluetooth ƙwaya ɗaya suke rabawa, shi ya sa wani lokaci sautin Bluetooth yake sarƙewa. Maganinsa shi ne a haɗa Pi da rawuta ta kebul, ko a sayi ɗan Bluetooth na USB. Akwai kuma sashen gidajen rediyon intanet, inda ake iya ƙara adireshin kowace tashar da take watsa shirinta kai tsaye, amma a tuna da lissafin data da aka yi a sama.

Yanzu wuta. Pi 3 tana son bolt 5 da amfiya 2.5, Pi 4 kuma amfiya 3 ta ramin USB-C. Cajar waya ta kasuwa takan rubuta haka a jikinta amma ba ta cika alkawari, kuma siririn kebul yana shanye wani kaso kafin wutar ta isa. Idan ƙarfin ya faɗi ƙasa da kusan bolt 4.63, jar fitilar da ke jikin farantin takan mutu ko ta riƙa ƙiftawa, filash ya riƙa ɓacewa, sauti ya riƙa tsinkewa, mutum ya yi ta zargin manhaja alhali caja ce. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗauke wuta daidai lokacin da na'urar take rubutu a memori, domin hakan yana iya lalata tsarin fayilolin har ta ƙi tashi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa batir tsakanin soket da Pi. Ƙaramin UPS da ake sayarwa domin rawuta, mai ramin USB, ya fi fawa-bank dacewa, saboda fawa-bank da yawa suna yanke wuta na ɗan ƙiftawar ido a duk lokacin da aka kawo wuta ko aka ɗauke, wannan kuwa ya isa ya kashe Pi. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna karatu, a zare cajar batirin daga bango, a mayar, a ga ko sautin ya tsaya. Batir mai 20,000 mAh na gaskiya yana ɗauke da kusan wat-awa 74, kuma bayan an cire asarar juyawa zai riƙe Pi 3 da DAC da filash, waɗanda suke cin kusan wat 3, fiye da awa 15.

Wannan lissafi bai haɗa da rediyon ba, ita tana da nata cin. Gidan da yake da sola mai batir na bolt 12 zai iya barin tsohuwar amfilifaya, wato sashen rediyon da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya ɗauki sifikunta kawai, ya haɗa su da ɗan farantin amfilifaya mai ƙwayar TPA3116, wanda yake aiki da bolt 12 kai tsaye kuma ba ya ɓarnar wuta, ita kuma Pi a ba ta wuta ta ɗan farantin da ke sauke bolt 12 zuwa 5. A auna fitar wannan faranti da mita a tsayar da ita a 5.1 kafin a haɗa Pi, kuma a sa fis a wayar da ta fito daga batir. Idan aka ji wani gurnani ko tsiwa a sifika bayan an haɗa su a batir ɗaya, sau da yawa hanyar ƙasa ce, wato layin GND, ta zagayo ta wurare biyu. A ba Pi batirinta daban, ko a sa ɗan abin raba hanyar ƙasa a kan kebul ɗin sauti. Lokacin tayar da janareta kuma a zare komai daga bango har injin ya daidaita.

Akwatin da za a saka ta ya kasance mai ramukan iska a gefe, ba a sama ba, saboda ƙurar hunturu. Ba na son fanka a wannan aiki, domin tana da ƙara kuma tana zuƙo ƙura. Ƙananan ƙarafan alminiyam da ake mannawa a kan ƙwayoyin sun wadatar, tun da Pi ba ta fara rage gudu don kare kanta da gaske sai zafinta ya kai wajen digiri 80. Akwatin ƙarfe rufaffe yana raunana Wi-Fi. Kada a ɗora ta a kan amfilifaya, kuma kada a lulluɓe ta da ƙyallen da aka saba lulluɓe rediyo da shi, sai da na yi wa mahaifiyarmu bayani sau biyu kafin ta yarda, tana cewa, "To kai ɗan nan, ƙurar fa wa zai share?"

A koya wa kowa a gidan kashe ta ta hanyar da ta dace, wato a danna m, a shiga Power, a zaɓi Shutdown, a jira koriyar fitila ta daina ƙiftawa kafin a zare caja. Ranar da komai ya zauna daidai, a kashe ta, a zare memori, a kwafi abin da ke cikinsa gaba ɗaya zuwa kwamfuta da manhajar Win32 Disk Imager, a rubuta shi a kan memori na biyu mai girma ɗaya ko fiye, a gwada na biyun a tabbatar yana tashi. Nawa na biyun yana manne da salatif a cikin murfin akwatin, kwafin filash ɗin kuma yana gidan yayana a Daura.